Wata bakwai yana fita da jaka, ashe ba makaranta yake zuwa ba

Yayan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin ya tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Asabar. Autanmu ya samu gurbi a jami'a bara waccan. Likitanci ya nema, aka ba shi kimiyyar sinadarai, muka ce ya karɓa, da babu gara ba daɗi. Ni nake riƙe da karatunsa tun rasuwar Baba. Kullum da safe zai yi wanka, ya rataya jaka, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ta miƙa masa kuɗin mota. Sai bayan la'asar ya dawo.

Ranar Asabar ana sunan 'yata, muna zaune a tabarma ana cin waina, sai wani abokinsa ya ce masa, "Wallahi 'yan ajinmu suna ta cigiyarka tun da ka daina zuwa." Na ga Auta ya tsame hannu daga kwano, ya ce zai je ya ɗebo ruwa. Ban ce komai ba. Da dare na tsare shi a soro. Ashe rabonsa da aji wata bakwai. Da aka kafe sakamakon aji ɗaya ya ga an rubuta furobeshin a gaban lambarsa, shi a zatonsa an kore shi ke nan. Kuɗin rajistar aji biyu da na ba shi ya zuba su a shagon POS na wani abokinsa, can yake wuni. Kuɗin suna nan, har ya ɗauko mini ɗan littafin da yake rubuta riba.

Hajiya ba ta sani ba. Jiya ma na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa saura masa shekara biyu. Abin da nake tambaya: yaro ya ɓace daga aji wata bakwai, a ce babu mutum ɗaya a makarantar da zai ɗaga waya? Lambata ce a fom ɗinsa.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Yaya. Don Allah kada ka ɗaga masa hannu, kunyar da yake ciki ta ishe shi.

Malam Mai Alli: Wa'alaikumussalam. Zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Jami'a ba firamare ba ce da za a tura monita ya je gida ya ɗauko yaro. Shekara ashirin da uku ina koyarwa a sakandare, na san irin yaran da muke yayewa. A kai su cibiyar da ake rubuta musu amsa a allo, su fito da A da B a WAEC da NECO, iyaye suna murna. In sun shiga jami'a sai asiri ya tonu. A JAMB ta 2025, cikin yara kusan miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ginin da aka yi da toka, wa zai yi mamaki in ya zube? Ban ce naka haka yake ba, Alhaji, amma yaron da zai karanta kalma a allo ya kasa tambayar ma'anarta, akwai gyara tun daga tushe.

Yayan Auta: Malam, Auta da guminsa ya ci jarrabawarsa, ni shaida ne. Kunya ce ta yi masa yawa. Ko a gida ba ya iya cewa a ƙara masa tuwo.

Lakcara Mai Furfura: Bari in sa baki, don ni aka jefa da dutsen, ko da ba a kira sunana ba. Ni kodinetan 'yan aji ɗaya ne a sashenmu. Da farko, furobeshin ba kora ba ce, gargaɗi ne. Ana ba ɗalibi zango ko shekara ya gyara makinsa, in ya kasa ne ake sallamarsa ko a ba shi shawarar ya koma wani kwas. A jami'o'i da yawa layin yana kan CGPA 1.00, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi, wasu sun ɗaga shi zuwa 1.50. Duk wannan yana rubuce a littafin da ake raba wa sababbin ɗalibai, wanda yawancinsu suke fifita da shi.

Ga lissafin da nake yi wa 'yan ajina a makon farko, wanda ya halarta. Sakamakon A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifili. Ka ɗauki yaro mai kwas shida, kowanne yunit uku. Ya samu C biyu, D ɗaya, E ɗaya, F biyu. Maki 9 ke nan, a ninka da yunit uku ya zama 27, a raba da jimlar yunit 18, ya tashi da 1.50. In haka ya gama shekarar farko, yana so ya kai 2.40, wato ƙofar digiri mai daraja ta biyu ta ƙasa, a aji biyu 3.30 yake buƙata. Wannan mai yiwuwa ne, C da B ne kawai. Amma in ya sake shekara ta biyu a 1.50, a aji uku sai ya yi 4.20 kafin ya kamo. Wanda bai taɓa ganin B ba ka ce ya kawo A da B zalla. Shi ya sa nake cewa a aji ɗaya ake rasa yaro, sauran shekarun jana'iza ce kawai ake jinkirtawa.

Maganar waya kuma, Alhaji, kana da gaskiya, amma ji nawa uzurin. Yara ɗari uku da 'yan kai ne a hannuna. Ina koyar da kwas huɗu, ina duba furojet, kuma ko katin waya ba a ba ni don wannan aikin. Wanda bai yi rajista ba, sunansa ba ya ma fitowa a takardar da ke zuwa teburina. A wurin fotal, wato shafin rajista na intanet, wanda bai biya ba babu shi.

Yayan Auta: To ai wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce ciwon, ranka ya daɗe. Ni a kasuwa, in mai sayen kayana na kullum ya yi sati biyu bai leƙo ba, sai na kira na ji ko lafiya.

Lakcara Mai Furfura: Na karɓa. Ba ni da amsa mai kyau a kan wannan.

'Yar Aji Uku: Salamu alaikum iyayenmu. A yi mini afuwa in faɗi yadda abin yake daga kujerar ɗalibi. Ni sunana a jeri na uku na waɗanda aka ba gurbi ya fito. Ranar da na gama rajista an yi mako biyar ana lakca, an gama taron wayar da kan sababbin ɗalibai, wani malamin ma har ya yi tes. Lakcata ta farko a babban ɗakin taro ce, mun fi ƙarfin kujeru, wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Lasifika ba ta aiki don babu wuta. Daga inda nake, bakin malamin kawai nake gani yana motsi. Na fito da layi huɗu a littafi, biyu daga ciki ma na leƙa na wata ne.

Kuma Baba Malam, ba kowa ne aka rubuta wa amsa ba. Mu 'yan makarantar gwamnati da Hausa aka yi mana bayanin Fiziks. Mun gane shi sarai. Sai ga ka a gaban wanda yake zuba Turanci kamar ruwan famfo, in ka ɗaga hannu a yi maka dariya. Abin da ya cece ni tutoriyal ɗin da 'yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, suke yi ranar Asabar da safe. Wata 'yar aji huɗu ce ta zaunar da ni da tsofaffin takardun jarrabawa, ta nuna mini yadda ake amsa tambaya. Ita ce ma ta gaya mini cewa in ka yi rajistar kwas ba ka zauna jarrabawarsa ba, F ce. Babu malamin da ya taɓa faɗa mini.

Malam Mai Alli: 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Amma kin ga ke kin nemi tutoriyal ɗin da ƙafarki.

'Yar Aji Uku: Wallahi Baba ban nema ba. A masallacin mata ta gan ni ina kuka ta tambaye ni. Da ranar ba ta zo sallar azahar a nan ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Ɗan Kwari: Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Yaro ya juya kuɗi wata bakwai bai ci uwar kuɗi ba, har da littafin riba? Alhaji, ka yi hamdala, ɗan kasuwa Allah Ya ba ka. A layinmu akwai masu digiri uku da ke jiran shago, ɗaya ma da mastas. Ka ƙara masa jari kawai.

Maman Biyu: Kai dai Ɗan Kwari ba a raba ka da wannan waƙar. To naka 'ya'yan me ya sa ka sa su a makarantar kuɗi?

Ɗan Kwari: Uwarsu ce ta matsa, Hajiya.

Admin: Jama'a a dawo kan magana.

Maman Biyu: Yaya, bari in ba ka nawa labarin, don ka san ba Auta kaɗai ba ne. Ina aji biyu aka shiga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Kafin shi ma an yi na 2020 da ya haɗu da korona, ya cinye kusan shekara. Iyayena suka ce ba za a zuba mini ido ina zaune ba, aka ɗaura aure. A ajinmu ba ni kaɗai ba ce, kuma cikin maza akwai waɗanda suka shiga sayar da waya ko aikin gona, da aka koma ba mu sake ganinsu ba.

Na koma da ciki. Haihuwa ta zo daidai makon jarrabawa, aka yi mini aiki. Kwas bakwai, F bakwai. Daga baya na ji cewa da na rubuta takardar jingine karatu, na haɗa da shaidar asibiti, da an ajiye mini zangon ba tare da ya taɓa makina ba. Takarda ɗaya! Da na je ofis da jaririya a baya, aka ce ai lokacin ya wuce. Na zauna a kan dakalin ƙofar ofishin na ba ta nono, na tashi na tafi gida, ban sake komawa ba. Yanzu a NOUN nake, jami'ar karatu daga gida, daga aji ɗaya na sake farawa. Ba na jin haushin kowa, amma duk yarinyar da na ji za ta yi aure tana karatu, kafin in tambaye ta lefe sai na tambaye ta ko ta san yadda ake rubuta wannan takardar.

Lakcara Mai Furfura: Hajiya, wannan ya taɓa ni. Irin takardunki nake gani duk shekara, kuma kusan kullum a makare suke zuwa.

Ɗan Fagge: Duk kuna kewaye-kewaye. Kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, jami'o'i kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Ba don abin ya yi tsanani ba, me zai sa gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 ta biya wa 'yan jiha 7,000 rajista a BUK, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta? A Kaduna ma an rage na KASU daga 150,000 zuwa 105,000. Yaron da ke zaune a Rijiyar Lemo ko Hotoro, in babu na adaidaita sahu, lakcar ƙarfe takwas ta wuce shi. Ku tambayi 'yan hostal mene ne sifili-ɗaya-sifili. Ba karin safe, a ci da rana, a kwana haka. Ciki ba komai wane CGPA?

Yayan Auta: Amma ni na biya, Ɗan Fagge. Kuɗin suna hannunsa.

Ɗan Fagge: Naka daban ne, Alhaji. Cikin goma, nawa ne suke da yaya irinka?

'Yar Aji Uku: Akwai NELFUND yanzu, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu. Tun Mayun 2024 aka buɗe. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma a ba shi 20,000 duk wata. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ni na cika, ya rufa mini asiri. Sai dai ƙawayena biyu iyayensu sun hana, wai bashin gwamnati ne.

Malam Mai Alli: Ni ma ina da ja a kai. Babu ruwa a ciki?

'Yar Aji Uku: Babu, Baba. Abin da ka karɓa shi za ka mayar.

Ɗan Fagge: 20,000 a wata, raba ta da talatin. Ba ta kai 700 a rana ba. Taliya da manja ke nan, ban da mota, ban da handawut.

Baƙon Atlanta: Salam. Ina bibiyarku daga nesa, yanzu na taso daga aiki. Akwai jami'a a garin nan, Georgia State, da ta yi suna a kan wannan matsalar. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne. Sun lura cewa suna rasa yara masu ƙoƙari saboda cikon kuɗi kaɗan, 'yan ɗaruruwan daloli. A 2011 suka fara cike wa irin waɗannan giɓin ba tare da yaro ya rubuta takardar roƙo ba, su suke duba asusu su gano shi. A 2012 kuma suka kafa tsarin kwamfuta mai lura da alamomi sama da 800. In yaro ya samu maki mara kyau a kwas ɗin da shi ne ginshiƙin fanninsa, ko ya yi rajistar kwas ɗin da bai dace ba, sai mai ba da shawara ya kira shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya burge ni shi ne makarantar ce take neman yaro, ba ta jira ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗan Kwari: To Bature, nan wutar da za a kunna kwamfutar ma aiki ce.

Lakcara Mai Furfura: A'a, kada mu fake da wuta. Alamomi 800 ba mu da su, amma muna da ɗaya, kuma ta isa: tes na farko. Maki 30 ko 40 na CA, wato na tes da aikin aji, suna hannun malami tun tsakiyar zango. Duk wanda ya samu 3 cikin 15 a lissafin aji ɗaya, an san inda ya dosa. Laifinmu shi ne da yawanmu ba ma mayar da takardun tes sai an kusa jarrabawa, wasu ma ba sa mayarwa sam. Yaro bai san yana nutsewa ba sai ya ga allo. Na biyu, in an rufe rajista, a ɗauko jerin bara a ɗora a kan na bana. Wanda ya ɓace zai fito fili. Aikin yini ɗaya ne ga sakataren sashe. Ban taɓa yi ba, sai yau da Alhaji ya yi maganar mai sayen kayansa abin ya faɗo mini.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar tsarin LMD muke bi, wato lisansi, mastas da dakta; lisansi, digirin farko, shekara uku ne, zango shida. Ana neman 10 bisa 20. Abin da na ga ya bambanta da naku, wanda ya faɗi yana da zama na biyu, a sake mai jarrabawa cikin shekarar, ba sai ya ɗauki kaya ya kai baɗi ba. Kuma darussan da ke rukuni guda suna ɗaukar juna, mai ƙarfi ya ja mai rauni. Ban ce mun tsira ba, cunkoson shekarar farko a Yamai sai wanda ya gani, kuma ɗan ƙauye in kuɗin bursu, wato tallafin karatu, suka yi jinkiri shi ma gida yake komawa.

Lakcara Mai Furfura: Mu ma masu karatun likitanci suna da irin wannan zama na biyu. Sauran kuwa sai kariyoba. Ka ɗauko kwas na aji ɗaya kana aji biyu, lokacin lakcarsa ya ci karo da na sabon kwas, ga iyakar yunit 24 a zango. Haka kaya ke taruwa har digirin shekara huɗu ya kai shida, daga nan kuma doka ta ce lokaci ya ƙare.

Malam Mai Alli: Na ji duka, kuma na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye sai mu biya kuɗi mu juya baya. Alhaji, tsakaninka da Allah, ka taɓa cewa ya nuna maka sakamakonsa na zangon farko?

Yayan Auta: Ban taɓa ba, Malam. Nakan ce "ya karatu?" ya ce "alhamdulillah." Ni iyakata sakandare, ko ya nuna mini ban san me zan duba ba.

Malam Mai Alli: To yanzu Dakta ya koya mana. A duba lambar da ke ƙasan takarda.

Lakcara Mai Furfura: Alhaji, kada ka bari wannan makon ya wuce. Ku je tare, da katinsa na makaranta da takardar rajistar aji ɗaya. Ku fara da kodinetansa, sannan jami'in jarrabawa na sashe. Akwai adadin zangon da in ɗalibi ya yi a jere bai yi rajista ba ake ɗauka ya janye da kansa, kowace jami'a da nata, shi ya sa nake maka gaggawa. Ya rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Kada ya ƙirƙiro ciwo, ana ganewa.

Yayan Auta: Na gode, ranka ya daɗe. Gobe in sha Allahu.

Yayan Auta: Salam jama'a, na dawo da bayani. Mun je jiya Laraba. Mun yi awa biyu a kan benci kafin kodinetan ya fito daga lakca. Mutumin kirki ne. Ya buɗe fayil, ya kalli Auta ya ce, "Kai ne? Ai na ɗauka canjin makaranta ka yi." Ya ce sunansa bai fita ba tukuna, amma wannan shekarar ta tafi. Mun rubuta takardar a nan ofishinsa, shi ya gyara mana Turancin da jan biro. Sai kwamitin sashe ya zauna, daga nan ta wuce gaba.

A hanyar dawowa, muna cikin adaidaita, Auta ya ce mini, "Yaya, in an mayar da ni zan koma, amma wallahi ba na son sinadaran nan. Lissafin kuɗi nake so." Shekara biyu ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Dakta, ana iya komawa Akanta daga kimiyya da irin makinsa, ko sai ya sake JAMB?

Ɗan Kwari: Na faɗa muku ɗan kasuwa ne!

Lakcara Mai Furfura: Canjin tsangaya da maki a ƙasa yana da wuya, sashen da zai karɓe shi ne ke da ta cewa, kuma za su duba ko yana da darussan da suke buƙata a WAEC ɗinsa. Turo mini hoton sakamakon nasa ta akwatin sirri in duba, ka rufe sunan da lambar.

Maman Biyu: Hajiya fa, Yaya? An gaya mata?

Yayan Auta: Tukuna. Na ce shi zai faɗa mata da bakinsa, ni zan zauna a gefe. Ya ce a bari sai bayan sallar isha'i, in ta gama lazimi.